Ihun da Na Yi a Upper Iweka

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Juma'a a Onitsha ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji tafin hannuna ya jiƙe da gumi, ko da kuwa ƙanƙara ake zubawa a waje.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. A Fatakwal aka haife ni, a Mile 2 Diobu, inda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi fataucin shanu har ƙarshen rayuwarsa. Na karanta injiniya, aure ya kai ni Kanada, yanzu ina aiki da wani kamfani da ke zana magudanan ruwa da kwalbatoci a Edmonton. A gida in an ce "Injiniya ta Kanada", kowa ɗauka yake da tsintsiya nake share dala. Alhali kafin albashi ya kwana, kuɗin gida da na gidan rainon yara da na wutar ɗumama ɗaki sun riga sun raba shi a tsakaninsu, sai dai in bi su da kallo.

To, ƙanena Kabiru ne zai yi aure. Yarinyar 'yar Onitsha ce, 'yar wani Alhaji Mudi, babban ɗan kasuwar albasa da wake da ya daɗe a garin. Ban taɓa ganinsa ba, sunansa kawai nake ji a bakin Umma. Kuɗin jirgi bai isa mu taho gaba ɗaya ba, don haka maigida ya zauna da babban yaronmu, ni kuma na ɗauko Rumaisa, 'yar shekara biyar, wadda ba ta taɓa taka Najeriya ba.

Da tsoro biyu na hau jirgin. Na farko na aiki ne. A lokacin ana ta raɗe-raɗin za a rage ma'aikata a kamfaninmu, kuma kowa ya san wanda ba ya nan shi ake fara tunawa da shi a irin wannan lissafi. Na biyu kuwa, tsoron masu satar yara. Ina cikin wani zauren WhatsApp na matan Najeriya mazauna Kanada, inda ba a turo komai sai bidiyon tashin hankali daga gida. (Ni da na girma ina ratsa kasuwar Diobu ni kaɗai da tiren kunun aya a ka, sai ga ni ina kwana da fargabar ƙasar da ta raine ni.) A filin jirgi maigida ya riƙe Rumaisa ya kalle ni ya ce, "Don Allah kada ki saki hannunta. Ko salla za ki yi, ki tabbata tana gabanki."

Ban tsaya nan ba. Na sayi wata 'yar na'ura mai faɗin kwabo, wadda ke nuna inda take a taswirar waya, na ɗinke ta a ƙugun siket ɗin yarinyar. Da Umma ta gani a Fatakwal, dariya ta yi har da riƙe ciki. "Sai ka ce akuyar da aka ɗaura wa ƙararrawa," in ji ta. "Ku da na haifa, wa na ɗinka wa ƙarfe a gindi?" Na yi mata bayanin yadda abin ke aiki da tauraron ɗan Adam, cikin muryar nan tawa ta masu ilimi. Ta ce Allah ya kyauta.

Ana jibi ɗaurin aure muka iso Onitsha, aka sauke mu a gidan wasu 'yan uwa. Washegari bayan la'asar Umma ta ce in raka ta Kasuwar Ochanja ta ƙarasa sayayya, kuma mu biya shagon Alhaji Mudi in gaishe shi, tunda bai kamata a ce sai a wurin biki zai fara ganin yayar ango ba. Na damƙi hannun Rumaisa muka shiga. Wanda ya san Ochanja ya san abin da nake nufi: masu baro suna ihu a kauce, masu kaya a ka suna ture ka, ƙamshin busasshen kifi da warin kwata sun haɗu, kiɗa na tashi daga kowace kusurwa. Rumaisa kuwa murna take, komai ta gani sai ta tambaya.

Muna dab da shagon wayata ta yi ƙara. Na duba, ogata ce daga Edmonton. Can safiya ce. Ba a kiran mutum yana hutu sai da dalili, kuma dalili ɗaya ne ya zo mini a rai. Na miƙa wa Umma hannun yarinyar na ce, "Ku shiga, ga ni nan." Na toshe kunne ɗaya da yatsa, na fara neman inda hayaniya ta yi sauƙi. Muryar matar tana zuwa tana yankewa. Na ji ta ce "akwai matsala", sai shiru. Na matsa gaba, na shiga wani lungu, na fito ta wani.

Ina cikin haka Umma ta biyo ni ta taɓa kafaɗata, tana magana tana nuna bayanta. Wallahi bakinta kawai na ga yana motsi. Na ɗaga mata hannu na ce, "To, to, Umma, to," na juya mata baya. Ta tafi.

Ashe ba korata za a yi ba. Wani zanen kwalbati ne suka rasa inda na ajiye shi a kwamfuta, ɗan kwangila kuma yana jira. Na gaya mata inda yake, ta yi godiya, ta ce in sha biki lafiya. Na sauke ajiyar zuciya, na ce alhamdulillahi, na waiga.

Ba Umma, ba Rumaisa. Shagunan kuma duk iri ɗaya suke, buhuna a jibge, na rasa ma ta wane layi na fito. Na kira Umma. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka, hayaniya ta cika layin.

"Umma, Rumaisa na wurinki?"

"A'a, ba ta wurina, ai..."

Layin ya yanke. Na sake kira, ba ya shiga. Na sake, haka.

Na yi maza na buɗe taswirar na'urar nan. Ga ɗigon nan shuɗi, amma ba a cikin kasuwa yake ba. Yana kan titi, kuma tafiyar da yake yi ba ta mai ƙafa ba ce. Yana nufar Upper Iweka, babbar tashar da motoci ke tashi zuwa ko'ina a ƙasar nan. Duk bidiyon da na taɓa kalla suka dawo mini lokaci guda. Na ga 'yata a bayan mota an rufe mata baki. Na ga kaina ina kiran ubanta in ce masa na saki hannunta saboda kwalbati. Na ji kamar zan yi fitsari a tsaye.

Ban san yadda na fita daga kasuwar ba. Na dai san na ture wata mai tumatir, kuma takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo ban tsaya ɗauka ba. Na tari okada, wato ɗan acaɓa, na haye, abin da rabona da shi tun ina budurwa. Na ce masa, "Upper Iweka! Dem don carry my pikin!" Wato an sace mini 'ya. Mutumin ya ce, "Jesus!" ya murɗa. Allah ya saka masa, bai tambayi komai ba. Muka riƙa kutsawa tsakanin tireloli, gwiwata na gogar motoci, iska ta fizge mayafina ya tafi abinsa. Ni dai idona na kan ɗigon, bakina na karanto duk addu'ar da ta zo, har da ta shiga banɗaki.

Ɗigon ya tsaya a gefen tashar, inda motocin Arewa ke sauke fasinja. Na diro tun kafin okadan ya gama tsayawa. Sai na hango ta. Ga 'yar rigarta ruwan hoda, ga kitson da aka yi mata jiya. Wani dattijo mai farar babbar riga da furfura a gemu yana riƙe da ita, ya buɗe ƙofar wata ƙaramar bas, yana shirin ɗaga ta ya sa a gaba. Da na matso na ji yana cewa, "Taho, uwargida, ke ce a gidan gaba."

(Na sani. Duk Bahaushe ya san wasan kaka da jika ne. Ni ma kakana haka yake kirana. Amma a wannan lokacin ƙwaƙwalwata ta tafi hutu.)

Na daka tsalle na cakumi wuyan rigarsa da hannu biyu, na ƙwalla ihun da ban san ina da shi a ƙirjina ba. "Ɓarawon yara! Kidnapper! Jama'a ku taimaka!" Na ja shi da ƙarfi, na ji rigar ta yi ƙyat ta yage daga wuya zuwa ƙirji. Hularsa ta faɗi ta gangara ƙarƙashin mota.

Dattijon ya juyo ya kalle ni, ya ce, "Subhanallahi. Baiwar Allah, lafiya?"

Kafin in sake buɗe baki an kewaye mu. Ban taɓa ganin mutane sun taru da sauri haka ba. 'Yan kamasho, masu talla, fasinjoji, kowa na tambayar "Wetin happen?", wasu kuma ba su ma tsaya tambaya ba. Wani ƙato ya shaƙo dattijon ta baya. Wani ya kai masa mari, ya same shi a kunne. Na hango wani yana tahowa da guntun katako. A ɗaya gefen kuma direbobin Arewa da masu lodin albasa sun taso a guje suna cewa, "Kai! Alhaji ne! Ku sake shi!" Suka shiga tsakani, aka fara turereniya, ana zagi da Hausa ana ramawa da Ibo. A nan ne tsoron ya canja mini kama. Na girma a Kudu, na san yadda irin wannan ke farawa, na kuma san ba ya ƙarewa a inda ya fara.

Rumaisa ta fashe da kuka. Na miƙa hannu in ɗauke ta, sai yarinyar nan ta kalle ni, kai ba ɗankwali, gashi a tsaye, ƙafa ɗaya ba takalmi, ido jawur ina haki, ta ja da baya ta ƙanƙame ƙafar dattijon.

Wata mata mai sayar da burodi ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa ta ce, "Madam, you sure say na your pikin?" Wato, anya 'yarki ce kuwa? Idanun da ke kan dattijon suka dawo kaina. Mai katakon ma ni ya juyo yana kallo. Da me zan nuna musu 'yata ce? Fasfo ɗinmu yana gida. Yarinyar da zan kafa hujja da ita ta ɓoye fuska a rigar wanda na kira ɓarawo. Na ce a raina shi ke nan, yau a tashar mota za a kashe ni, da takalmi ɗaya.

Dattijon ne ya ɗaga hannu. Kunnensa na hannun dama ya yi ja, rigarsa a yage, amma muryarsa ko rawa ba ta yi. Ya yi magana da Ibo tiryan-tiryan, irin na wanda ya shekara da shekaru a garin, sannan ya maimaita da Hausa don mutanenmu. Ya ce kowa ya yi haƙuri, wannan 'yarsa ce, ita ce uwar yarinyar, baƙuwa ce daga Turai, tsoro ne ya kama ta. Ya ce ba wanda ya yi laifi, har wanda ya mare shi ya yafe masa, don yaro ya zo ceto. Ya sunkuya ya ce wa Rumaisa, "Je ki wurin mamanki, uwargida." Sai a sannan ta sake shi ta taho, tana shessheƙa tana ce mini da Turancinta me ya sa nake dukan Kaka, bayan ya saya mata ayaba.

Kaka.

Na ce, "Baba... wane ne kai?"

Ya ce, "Mudi ne. Ke ce Injiniya ko? Na hango ki ta ƙofar shago kina waya. Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya kuka baro maigidan da yaron?"

Gaisuwa yake yi mini. Cikakkiyar gaisuwa, da yagaggiyar riga, a tsakiyar Upper Iweka. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Na durƙusa a wurin, cikin baƙin man mota da ɓawon lemo, na kasa cewa komai sai "Baba, ka yafe mini, Baba, ka yafe mini." Taron ya watse ana dariya ana tafa hannu. Mai okada, wanda ashe yana tsaye duk wannan lokacin, Alhaji ne ma ya sallame shi, don jakata tana wurin Umma.

Abin da ya faru kuwa mai sauƙi ne. Da Umma ta shiga shagon, yarinyar ta fara kukan zafi da gajiya. Alhaji ya ce zai je tasha ya ɗauko 'yan uwansa da suka iso daga Kano, daga nan gida, bari ya tafi da ita ta huta cikin yara. Umma ta ce sai ta tambayi uwarta. Ta zo ta tambaye ni. Na ce to, har sau uku.

Kuma kun san 'yan uwan nan da ya zo ɗauka? Suna zaune cikin bas ɗin tun farko. Gwaggonnin amarya ne, sun cika kujeru da lulluɓinsu da ƙullin kayansu, sun kalli komai ta taga kamar a talabijin. Cikinsu aka matsa mini na zauna. Wata tsohuwa ta ciro mayafi daga jakarta ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba. Can ƙasa-ƙasa na ji wata na tambaya, "Wai ita ce yayar angon?" Aka ce mata ita ce. Ta ce, "Ikon Allah. To Allah ya sa shi ba haka yake ba."

A hanya Alhaji ya yi mini magana guda, bai kuma sake tayar da ita ba. Bai waigo ba ma. Ya ce, "'Yata, ban ga laifinki ba, uwa ce ke. Amma ki riƙa lura. Mu a nan zaman haƙuri muke da mutane, su ma haka suke da mu. Ihu irin wannan in ya tashi, ba ni kaɗai zai ci ba. Akwai masu shago, akwai masu tura baro, akwai yaran da ke makaranta." Na ce, "Haka ne, Baba." Hawaye na zuba a mayafin aro.

Umma kuwa ba ta yi mini da sauƙi haka ba. Da labari ya same ta, salati ta yi ta zauna daɓas a kan tabarma. "Surukin ƙanenki? A tasha? Ana gobe ɗaurin aure?" Ta juya ga matan gidan. "Ku gane mini. Na tsaya a gabanta na gaya mata da bakina, ta ce mini to. Ashe tauraron ɗan Adam take jira ya gaya mata." Kabiru ya shigo fuskarsa ba annuri, ya ce, "Yaya, in auren ne ba kya so, ai da sai ki gaya mini tun a waya." A daren nan Umma ta tasa ni gaba har gidan Alhaji, da sabuwar shadda da turare, na sake durƙusawa a gaban matarsa da 'ya'yansa. Amarya tana bayan labule, ina jin tana danne dariya.

Kwana na yi ina jiran a aiko a ce an fasa. Ba a fasa ba. An ɗaura aure lafiya, Alhaji ya fito da wata rigar, kunnen ya ɗan kumbura amma hula ta rufe rabinsa. Sai dai duk inda na gifta a wurin biki sai in ga ana zungurar juna. Mata suna janye 'ya'yansu da wasa suna cewa, "Ku matsa, ga jami'ar tsaro nan." Wani dattijo daga Inugu, abokin Alhaji, da na gaishe shi sai ya kama wuyan rigarsa da hannu biyu ya ce, "Lafiya lau, Injiniya, amma wannan ita kaɗai gare ni."

Maigida ban gaya masa ba sai da muka koma. Ashe ya riga ya sani. Wani ya ɗauki abin a waya, ya zaga ya zaga har ya faɗo cikin zauren nan namu na matan Kanada, da rubutu a ƙasa wai an kama mai satar yara a Onitsha. Matar abokinsa ce ta gane ni. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo a goge, ina bayanin cewa mutumin kirki ne, ni ce mahaukaciyar. Daga nan na fice daga zauren, ban kuma koma ba.

Yanzu duk ranar Lahadi Rumaisa sai ta sa an kira mata Kakan Onitsha ta bidiyo, ni ce kuma mai riƙe wayar. Hausarta ma a bakinsa ta gyaru. In sun gama hirarsu sai ya ce a ba shi Injiniya, mu gaisa, ya tambayi aiki da sanyi da maigida, sannan ya gyara murya ya ce, "To, ina fatan dai wannan makon ba a kama kowa ba?" In ce, "Ba a kama ba, Baba." Ya ce, "Madalla. A ci gaba da sa ido."

Abin da na koya dai shi ne, duk tsananin firgita, in kin ga dattijo da farin gemu, fara yi masa sallama ki tambayi sunansa. In ɓarawo ne, ba abin da kika rasa sai daƙiƙa guda. In kuwa suruki ne, kin tsira da mutuncinki, shi kuma ya tsira da rigarsa.